Igiyar da Na Auna Turmin Inna

Ƙanena, autan gidanmu, ya cuce ni. Na aike shi ya sayo mini moto, wato babur, wanda zan riƙa ɗaukar mahaifiyarmu, ya je ya sayo wanda shi yake sha'awar hawa. Har yau idan aka ce mini ai da kyakkyawar niyya ya yi, tashi nake in bar wurin.

Ni magini ne. Tun da na bar lakol, makarantar boko, a aji huɗu, laka nake kwaɓawa a cikin Agadez, kuma na haye shekara arba'in ban taɓa tuƙa abin da ya fi keke ba. Da mutane suka kwasa zuwa Djado neman zinariya ni ma na bi, na yi shekara biyu a cikin rami tare da mutanen Maraɗi da na Zamfara. Abin da na dawo da shi bai isa gina gida ba, amma ya isa moto guda.

Na tarar Inna ta tsufa fiye da yadda na bar ta. Hawan jini ya kama ta, gwiwoyi sun ƙi lanƙwasuwa, kuma kowace Alhamis sai ta je likita, wato asibiti, an auna ta. Da kabu-kabu take zuwa, har ranar da wani ya ja moto tun ba ta gama zama ba, ta zube a ƙofar gida. Daga ranar ta ce ta gama da moton haya. Ta koma tafiya da sanda, tana hutawa a inuwar katangu, ni kuma ina biye da ita daga nesa kamar wanda hanya ce kawai ta haɗa su.

Dole daga nesa, domin ni ne ɗan farinta. Inna irin matan da ce masu kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Da aka yaye ni kakata ce ta ɗauke ni, kuma ban tuna ranar da hannun Inna ya taɓa jikina ba. In tana da magana da ni, matata take gaya wa: ki ce wa wancan kaza, ko da ina zaune a wurin. Auta kuwa sunansa ba ya barin bakinta, har ya girma yana kwanciya a tabarmarta yana cin ragowar tuwonta. Ban taɓa jin haushin wannan ba, haka aka yi mu. Amma na ƙudurta a raina cewa ni zan riƙa kai ta likita.

Akwai wani tsohon turmi a tsakar gida da ake kifewa, a kansa Inna take zama ta tsince shinkafa. Na lura shi kaɗai ne wurin da take zama ta tashi ba tare da ta nemi hannun kowa ba. Wata rana da ta shiga sallar azahar, na ɗauko igiyar kaba na auna tsayinsa, na ƙulle daidai wurin. Da igiyar nan na zaga masu sayar da moto, ina ɗora ta a jikin sirdi ɗaya bayan ɗaya. Sun yi mini dariya, wani ya tambaye ni ko jaki na zo taya wa. Wani tsohon mai gyara ne kawai bai yi dariya ba. Ya ce mai koyo, balle gajere irina, ya nemi moton da zai zauna ƙafafunsa biyu su dafe ƙasa, marar nauyi, wanda ba sai an matse ambireyaji, wato kuloci, ba kafin a canza bitesi, wato giya. Ya nuna mini ƙarami irin wanda malaman lakol mata suke hawa. Na ɗora igiya, ƙullin ya zauna daidai bakin sirdi.

Sai dai moton da ya nuna mini ɗin, rairayi ya riga ya cinye injinsa. Ya ce in sami mai zuwa Kano ya sayo mini sabo. Auta yana zuwa can sarin kaya, sai na damƙa masa guminna na Djado, na damƙa masa igiyar, na maimaita masa bayani har ya ce ya ji, ya ji.

Ranar da aka sauke kaya daga kamiyo, babbar motar kaya, a tasha, sai ga wani jan moto dogo kamar raƙumi, irin wanda masu neman zinariya suke keta hamada da shi. Igiyata tana baya, an ɗaure bidon mai, wato jarka, da ita. Auta yana shafa tankin yana murmushi, ya ce, "Yaya, wancan ai na mata ne. Mutuncinka na kare maka." Ya ƙara da cewa wannan ko Djado mutum ya so zuwa zai kai shi. A nan na gane wa aka sayo wa moto.

Na so in yi rigima. Kafin in isa gida labari ya riga ni, matata ta tare ni da saƙon Inna: a ce wa wancan ya bar yaro, abin da aka kawo shi ne rabonsa. Maganar Inna ba a mayar da ita. Na kwance igiyata na sa a aljihu.

Kullum bayan sallar asuba nakan tura shi zuwa bakin ƙoramar Telwa, inda babu masu kallo sai masu lambu. In na zauna, yatsun ƙafa ɗaya ne kawai suke taɓa ƙasa. In saki ambireyaji da sauri ya yi tsalle, in saki a hankali ya mutu. Na faɗi ban san iyaka ba, bututun hayaƙi ya ƙone mini ƙwauri har fata ta saɓule. Da na fara iya tafiya ni kaɗai, sai na ɗaura buhun gero a baya, na karkatar da nauyinsa gefen hagu, domin mace a gefe take zama. Na yi rantsuwa ba zan ɗauki Inna ba sai na yi sati guda buhun bai taɓa ƙasa ba. Wata huɗu abin ya ci. Duk Alhamis ɗin watannin nan tana tafe da sanda, ina biye, moto yana jingine a zaure.

Saura hawa. Wannan kam aikin magini ne. Na sa igiya daga bakin sirdi zuwa ƙasa, abin da ya rage bayan ƙulli na gina dakali daidai tsayinsa a ƙofar gida. In ta taka dakalin, sirdi ya zama turminta. A likita kuwa akwai matakalar baranda da ta yi kusan haka.

Ranar farko ta fito da mayafinta na zuwa biki. Ba ta dube ni ba. Ta taka dakali, ta zauna, ta kama ƙarfen baya da hannu biyu don kada jikinta ya taɓa nawa. Muka tafi kamar masu rakiyar amarya. A wata kwana kafin a hau guduro, titin kwalta, akwai rairayi mai laushi, ƙafar baya ta zame, na dafe ƙasa da yatsu na tsayar da shi da ƙyar. Sai na ji hannu ya zagaye cikina. Hannun ba nauyi, duk ƙashi ne, da zoben azurfarta yana danna mini haƙarƙari. Da muka hau guduro na jira ta saki. Ba ta saki ba. Ta ce, a bayan kunnena, ba ta bakin kowa ba, "Tafi a hankali. Ba sauri muke ba."

Na bi doguwar hanya, ta bayan kasuwa. Na san ta gane. Da yamma ina alwala ta ga tabon ƙunar a ƙwaurina, ta aiko matata da man shanu a murfin kwano, ko da yake ciwon ya daɗe da warkewa. Na shafa.

Alhamis uku muka yi haka. Ta huɗu ba ta iya tashi daga shimfiɗa ba, kuma kafin wata ya ƙare muka kai ta makwancinta.

Bayan sadakar arba'in, da hantsi, Auta ya same ni a bakin zaure ina goge moton. Ya zauna a kan dakali, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce tunda yanzu ba wani aiki moton yake yi ba, ko zan ba shi ya gwada sa'arsa a Djado. Na ciro igiyar daga aljihu na ajiye a gabansa, har yanzu tana warin man esansi.

Na ce, "Tashi daga kan dakalin nan, ba don kai aka gina shi ba. Kai tun haihuwarka kana jikinta, ba ka san abin da ake nufi da Alhamis ɗaya ba. Da ka kawo abin da igiyar nan ta ce, da na ɗauke ta wata huɗu kafin ranar da na ɗauke ta. Uku ka bar mini. Moton nan ba zai je Djado ba, a zauren nan zai tsufa. Gaisuwa ba zan fasa da kai ba, don ta ce in bar ka, na kuwa bar ka. Amma kada ka sake cewa mutuncina ka kare."