Mai Hoto da Auren Autarsa

Shekarar da mijin Gwaggo ya rasu, Allah ya jiƙansa, aka yi auren 'yar ƙaninta. Da aka jeru za a ɗauki hoton dangi, mata masu sabon ɗinki suka yi ta matso ta gefe har ta ƙare kusa da ginshiƙi. Mai Hoto ya leƙa kyamararsa, ya ɗago kai, sai ya yi ta ja da baya har ya taka kwata, don ita ma ta shigo. Bai tayar da kowa ba, bai kira sunanta ba. Hoton yana ɗakinta har yau. Tana ƙarshen layi, amma ba a yanke mata ko kafaɗa ba.

Shagonsa na kallon ƙofar gidanta: ɗaki ɗaya, labule mai zanen teku da rana ta cinye, kujera mai hannu, da mataji da aka ɗaure a jikin madubi da zare. Hanyar aikinsa ɗaya ce. A tsaya, a daidaita, a kalle shi.

"Amarya, ɗaga haɓa. Ango, ba kotu aka kawo ka ba. Kowa ya riƙe numfashi."

Duk amaryar da aka yi a layin ta tsaya a gabansa. Yakan ce saura Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ya raina shi kaɗai bayan rasuwar uwarta. In ya ɗauki nata, sai ya rataye kyamara.

Kafin Auta ta girma, zamani ya juya. Tun kafin biki ake kai ango da amarya bayan gari, a ɗauke su suna tafiya suna dariya, wai ba su san ana ɗauka ba. Ga wani ɗan jirgi mai kukan ƙudan zuma da ke leƙo kawunan mutane ta sama. Ba a wanke hoto kuma, a waya ake turawa, bayan an goge fuska ta yi sumul. Gwaggo ta taɓa kallon hoton jikarta ta tambaya 'yar wace ce.

Mai Hoto bai taɓa zagin masu hoton zamanin ba. "Yaran sun iya aiki," yakan ce. "Ni ne ban san yadda ake ɗaukar wanda ba ya kallona ba."

Da auren Auta ya tashi, ango ya ɗauko masu jirgin. Gwaggo na zaune a bakin shagon lokacin da Auta ta gaya wa uban.

"Baba, kai uban amarya ne. Zama za ka yi."

"Ko guda ɗaya ba zan ɗauka ba?"

"In ka fara, sai ka jera har masu wanke-wanke. Shekara da shekaru kana shanya mutane a rana, kai ma ka ɗanɗana."

"Ji 'yar nan!"

Ranar bikin ya zo da jakar kyamara, ya tura ta ƙarƙashin kujera. Masu hoton suka yi ta kewaya shi. "Baba, saki jiki, kada ka kalle mu." Shi kuwa da ya ga sun ɗaga kyamara sai ya ƙame kamar soja, ya zuba musu ido. Gwaggo ta lura yatsansa na danna gwiwarsa duk lokacin da amarya ta juyo.

Babban masu hoton ya kawo masa waya cikin ladabi, ya nuna masa waɗanda aka riga aka gyara. Ya daɗe yana kallo.

"Ta yi kyau. Ina tabon girarta? A kan kujerar shagona ta faɗo ta same shi."

"Mun cire, Baba. Ita ta ce."

Ya gyaɗa kai, ya miƙa masa wayar.

Da la'asar zauren ya yi sauƙi, mutane sun tafi salla. Gwaggo ta idar, tana naɗe darduma a baranda, sai ga Auta ta fito da takalma a hannu, uban na biye da jakarsa.

"Tsaya nan jikin bango, yanzu zan sallame ki."

"Ni kaɗai ba zan tsaya ba, Baba. Duk gidanmu babu hoton da kake ciki. Ko mu biyu, ko a fasa."

Ya dubi baranda. Masu hoton suna can ciki, ba kowa sai Gwaggo. Ya daidaita kyamarar, ya goge gilashin da bakin rigarsa, ya miƙo mata da hannu biyu.

"Ni? Ko wayata jikata ke danna min."

"Ba wuya, Gwaggo. Ki leƙa ta nan, ga inda za ki sa yatsa. Don Allah ki taimaka. In kin gan mu mu biyu a ciki, ki danna."