Wa Zai Wanke Nagoda?

Farkon zuwan Turawa, Nagoda na Tudun Wada ya samu aikin wanki a gidan wani Bature, har da wankan karensa. Shi ke nan, a masallaci kowa ya riƙa matsawa daga gefensa, sai ka ce karen ya biyo shi salla.

Tsoronsa ɗaya ne: ya mutu a ƙi wanke gawarsa. Ko ciwon kai ya yi, sai ya ruga gidan liman.

"Malam, in na cika, wa zai taɓa ni?"

"Ka bar karen, Nagoda."

Ya bari, amma mutane ba su bari ba. Ranar da ya rasu, liman shi kaɗai ya wanke shi, maƙwabta suna leƙe daga zaure.