Ƙusoshin da Yaya Tasi'u Ya Cire

Bana shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar yayana Tasi'u. Ya faɗo ne daga kan wani dutse a arewacin Guangzhou, a lokacin da duk ƙasar China ta zuba ido a talabijin tana kallon wasannin Olamfik na Beijing. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, 'yan uwa sukan ce in rubuta wani abu a kansa, tunda ni na zauna da shi a can. Abin da suke so in rubuta shi ne mutum ne mai fara'a, mai zumunci. Gaskiya ne, yana da fara'a, yana da zumunci. Amma bana na ga gara in faɗi sauran, domin waɗanda suka san sauran suna ta raguwa.

Yaya ya riga ni zuwa Guangzhou da daɗewa. Kayan sawa yake saya a kasuwar Baima yana aikawa Kano, ni kuma na same shi ne don in koyi harkar. Ɗaki ɗaya muke kwana a unguwar Xiaobei, a saman ofishin wani mai aikin kago, wato aika kaya ƙasashen waje. Tun muna yara shi mai son hawa ne, babu rimi ko katangar makaranta da bai taka ba a unguwarmu. A Guangzhou sai ya haɗu da wani mai shagon kayan waya a Tianhe, Lao Chen, dattijo mai sanyin magana. Shi ya fara kai Yaya wurin da ake koyon hawa a jikin katanga, daga nan ya shigar da shi cikin ƙungiyarsu ta masu fita bayan gari ran Asabar su hau dutsen gaske.

Abin da wuyar fahimta ga wanda bai gani ba, amma tsarinsa mai sauƙi ne. Mutum biyu ne. Ɗaya yana hawa da igiya ɗaure a ƙugunsa, ɗaya yana ƙasa yana sakar masa ita kaɗan-kaɗan. A jikin dutsen akwai ƙusoshin ƙarfe masu zobe da aka huda aka kafa, mai hawa yana maƙala igiyarsa a kowace ƙusa ya wuce. In ya zame, ƙusa ta ƙarshe da ya maƙala ita ke tare shi. Ni ban taɓa son hawan ba. Ni ne na ƙasa, mai riƙe wa Yaya igiya, kuma saboda jikina yake kirana Buhun Gero.

Kowa a ƙungiyar sai da ya ba shi suna. Ba'a abincin masu hawan dutse ce, a bas ana yinta, a gindin dutse ana yinta, amma ta Yaya tana da kaifi na daban. Ya iya yaren kasuwa na mutanen garin sosai, sai dai sunayen da Hausa yake raɗa su, ya koya wa jama'a su riƙa faɗa ba tare da sun san ma'anar ba. Lao Chen ya zama Kafinta, don shi ke yawo da injin huda yana kafa ƙusoshi. Akwai wata malamar jami'a, Lin, 'yar shekara talatin da wani abu, wadda ƙafarta ke rawa idan ta yi nisa da ƙasa. Ita ce Mazari. Idan tana sama ƙafar ta fara, sai Yaya ya tsaya a ƙasa yana kwaikwayonta, jama'a suna dariya. Ita ma takan yi dariyar in ta sauko. Ranar da ta tambaye ni ma'anar sunan na gaya mata, sai ta ci gaba da naɗe igiyarta. Ba ta daina zuwa ba. A duk ƙungiyar babu wanda ya kai ta tsoro, kuma babu wanda ya kai ta naci.

Akwai gardamar da ba ta ƙarewa a tsakaninsu, kuma na ji har yau masu hawan dutse ba su gama ta ba. Su Lao Chen suna cewa a kafa ƙusa, domin malamin makaranta da mai shago su hau su koma gida lafiya ran Lahadi. Ɓangaren Yaya, su kaɗan ne, suna cewa dutse ba na kowa ba ne, bai kamata a bar masa tabo ba. A wurinsu mai hawa na gaske yana cusa nasa ƙananan ƙarafa a tsagar dutse, idan ya wuce a cire su a bar wurin yadda Allah ya yi shi. Wanda ba zai iya haka ba, in ji Yaya, ya je ya hau matakalar bene. Maganar tana da ma'ana, ni ma na sha jinta na gyaɗa kai. Amma a bakin Yaya ba son dutse kaɗai ba ne. Yana son a san akwai inda shi zai je wasu ba za su iya ba.

Akwai wani layin hawa a jikin dutsen da muke zuwa, dogo, mai ƙunci a sama, wanda Yaya ne ya fara hawansa ba ƙusa ko ɗaya. A al'adarsu wanda ya fara hawa shi ke da ta cewa a kan layin. Da Yaya ya je Kano yin Babbar Salla, Lao Chen ya kafa ƙusoshi tun daga ƙasa har sama, don mutane da yawa suna son gwadawa. Ya yi kuskure, bai jira ya tambaya ba. Yaya ya dawo ya gani. Wata ranar Laraba ya ce da ni zai je duba kaya a wata masana'anta, ashe dutsen ya tafi shi kaɗai da sufana. Ya zagaya ta baya ya hau kan dutsen, ya sauko da igiya, ya kwance ƙusoshin sama. Na ƙasa ya bar su, wai ya gaji, sai wani zuwan. Bai gaya wa kowa ba.

Ran Asabar Lin ce ta fara hawa layin. Daga ƙasa ana hango ƙusoshin farko suna ƙyalli, na sama kuwa dama akwai wani tudu da ke kare su. Ta maƙala na ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ta haye tudun, ta ci gaba tana neman ta gaba. Ta ɗauka ta kusa ce. Ta ƙara hawa. Muna jinta tana kiran Lao Chen, wanda ke riƙe mata igiya, tana tambaya ina ƙusar take. Yaya yana zaune kan wani falalen dutse yana cin lemo. Ya ji ta. Ƙafarta ta fara rawa, wasu ma suka fara kiran sunan nan suna dariya, don ba su san abin da ke faruwa ba. Sannan hannunta ya saki. Igiyar ta tare ta, amma tazarar ta yi yawa, bayanta ya riga ya daki bakin tudun. Ƙarar ba ta da yawa. Ta tsaya a rataye tana juyawa a hankali, idonta biyu, tana cewa ba ta jin ƙafafunta.

A bas muna komawa na tambaye shi ko shi ya cire ƙusoshin. Ya ce, "Mai hawa yana duba sama kafin ya ɗaga ƙafa. Ba ta da ido ne?"

Na ce, "Yaya, ka ji tana tambaya."

Ya ce, "Da na yi magana ma ta riga ta wuce inda za ta iya dawowa." Ya juya fuskarsa wajen taga. Ban sani ba ko gaskiya ne. Na sha auna wurin a raina, wata rana in ga haka ne, wata rana in ga ba haka ba.

Bai je asibiti ba. Ƙungiyar ta kira zama a wani gidan cin abinci a Tianhe, ya je da ni. Lao Chen ya miƙe ya tambaye shi ina ƙusoshin. Yaya ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Meyo." Kalmar da 'yan matan shago ke faɗa maka ke nan idan kayan da kake nema babu. Da muryarsu ma ya faɗe ta. Babu wanda ya yi dariya. Daga ranar babu wanda ya ƙara riƙe masa igiya sai ni. Yayana ne. Shi ya goyi mahaifinmu a bayansa ya sauko da shi daga bene ranar da ciwo ya kada shi, shi ya raine mu bayan rasuwarsa. Mutum ɗaya ne ya yi wannan ya yi wancan, kuma har yau ban iya haɗa su wuri guda ba.

Da Olamfik ta matso aka tsananta maganar biza. 'Yan kasuwa da yawa suka tattara suka koma gida, ni ma tawa ta ƙi sabuntuwa, na dawo Kano. Yaya yana da takardar zama, ya tsaya. Ya ci gaba da zuwa dutsen, shi kaɗai, babu igiya. Wata mata mai kiwon agwagi a gindin dutsen ce ta tsince shi da safe.

Alhaji Isuhu, wani dattijo ɗan Maradi da muke cin abinci tare a Xiaobei, shi ya ba ni labarin abin da ya biyo baya. Kafin a karɓo gawar, 'yan uwanmu 'yan kasuwa da ke can sun riga sun zauna a kan maganar. Wani ya ce mutumin da ya hau dutse ba igiya kashe kansa ya yi, a duba ko ya halatta a sallace shi. Wani ya ce ɗan Kano, Dala kaɗai ya sani, ya zo ƙasar mutane yana gasa da birai. Aka yi dariya, ana shan shayi. Alhaji Isuhu ya ce ya buga tebur ya ce musu, "Mi kuka sani? Wanda ya hwaɗo bai ce muku komi ba. A wanke shi a sallace shi, hisabi ba naku ba ne." Shi ya wanke shi. A Guangzhou aka binne shi, cikin maƙabartar Musulmi.

Masu hawan dutse ma ba su raga masa ba. Suna da dandali a intanet inda suke hira, da na koma Guangzhou wani mai yi mana tafinta ya karanta mini. Wani ya rubuta, "Igiya? Meyo." Mutane suka yi ta maimaitawa. Wannan bai yi mini zafi ba kamar na ɗaya ɓangaren, masu cewa jarumi ne, ya mutu a kan aƙidarsa ta barin dutse da tsabta. Sun yi ta yabonsa shafi bayan shafi, babu wanda ya ambaci sunan Lin ko sau ɗaya. Lao Chen ya koma ya sake kafa ƙusoshin, ya ninka yawansu, sannan ya daina hawa gaba ɗaya.

Yanzu Xiaobei ba kamar da ba ce, rabin cinikin a waya ake yi. Hawan katanga kuma ya shiga Olamfik ɗin kanta, yara suna gudu a jikin katangar roba ana auna musu lokaci. Nakan kalla in tuna Yaya. Na san zai yi musu suna tun kafin su sauko, kuma na san zan yi dariya, don ba a iya jin Yaya a ƙi dariya. Abin da ban sani ba shi ne ko shekaru za su sassauta shi. Da ya kai hamsin, gwiwa ta fara ciwo, ya ga ƙafarsa ta yi rawa sau ɗaya a sama, wataƙila da ya nemi gidan Lin. Wataƙila kuma a'a. Na san tsofaffi da yawa da suka tsufa da bakinsu.

Ni na nemi gidan, shekaru bayan haka. Lao Chen ne ya kai ni. Ta koma koyarwa, a keken guragu, tana zaune da mahaifiyarta. Ta karɓe ni da mutunci, ta zuba mini shayi da kanta. Na ce mata a addininmu Allah yana yafe laifin da ke tsakaninsa da bawa, amma haƙƙin wani sai mai shi ya yafe, don haka na zo roƙo a madadin yayana. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Ranar da aka gaya mini ya faɗo, ita ce ranar farko da na cinye abincina a asibiti. Ba zan yi maka ƙarya ba don ka yi doguwar tafiya. Ban yafe ba." Ta ƙara mini shayi. Na sha.

Yaya ya bar 'ya ɗaya, tana jaririya ya rasu, yanzu ta zama budurwa a gidana. Ta gaji dariyarsa da saurin bakinsa, idan ta tsokani ƙannenta nakan kira ta in yi mata faɗan da ya fi ƙarfin laifin. Ya bar mu da muka ci gajiyarsa, muna sa shi a addu'a bayan kowace salla, kuma ba zan daina ba. Allah ya jiƙansa, ya yi masa rahama. Amma ina yin addu'ar ne ina sane da cewa akwai magana ɗaya da ba a gama ba. Ranar da za a tsaya, akwai wata mata da za ta zo ta same shi, a tsaye da ƙafafunta biyu, ta sake yi masa tambayar da ta yi daga kan dutse. Ranar dole ya amsa.