Motar da Ba Ta Tashi Sai da Tukur

Duk wanda ya saba bin hanyar Gadarif zuwa Hawata, a ƙasar Sudan, ya san motar Tukur, ko da bai san Tukur ba. Tsohuwar a-kori-kura ce, irin wadda mutanen nan ke kira boksi. Ta girmi matarsa Lauratu, ƙofar hagu kuwa da igiya ake ɗaure ta. Mai motar siririn mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa, kuma Allah ya zuba masa tsoro. Ba ragwanta nake nufi ba. Tukur yana iya wuni yankan riɗi cikin rana bai ce uffan ba, amma in ka kuskura ka yaba hularsa, ka gama ganinta a kansa ke nan. A gida ya gaji abin. Kakanninsa makiyaya ne, mahaifinsa kuwa in ya ji ƙishin-ƙishin ɗin ɓarayin shanu, bijimin da ya fi so shi yake shafe wa laka har ya koma kamar mai ciwo, ya tura shi tsakiyar garke.

A Gadarif yake zaune, gonarsa da tsohuwarsa suna can wajen Hawata. Tsakanin nan da can motar ta tsufa. Ta kai shi ta dawo da shi, da kaka ta jawo tirela cike da buhunan dawa, da rani tankin ruwa. Sai dai ƙarfinta ya ƙare. Da damina, in baƙar ƙasar nan ta sha ruwa ta riƙe taya, ko kanta ba ta iya fitarwa, balle tirela.

Da yaƙi ya ɓarke, ya riƙa matsowa gari bayan gari, abinci ya fita ran Tukur. Tsohuwa ta ce ita ba inda za ta, ga shi ƙafafunta sun daina ɗaukarta, idonta ya yi hazo. Ya san ranar da aka ce a gudu, a kan gadonta za a ɗauko ta, a tirela. In kuwa ranar ta faɗo cikin damina, wannan mota a tsakiyar daji za ta zaunar da su. Abin da ya kai shi garejin Usta Osman ke nan, wani makanike mai ƙaton ciki a bayan kasuwa.

Osman ya leƙa injin ya girgiza kai, ya kira shi da "ya zol", wato "kai mutum" a Larabcin nan. "Ya zol, wannan makana ta rasu tuntuni, jana'iza ce ba a yi mata ba. Ina da wata ta dizal mai turbo." Ya ɗauko wani ƙarfe mai kama da dodon koɗi ya ɗora kan benci. Ya ce hayaƙin da mota ke zubarwa shi ke juya shi, shi kuma ya hura wa inji iska, sai tsohuwar mota ta koma budurwa.

Suka yi ta shawara a tsugune, Osman yana zane da tsinke a ƙasa. Sabon inji yana zafi, to sai babban lagireto. Tsohon kuloci ba zai jure ba, giya ma haka. A ƙara sifirin a baya saboda nauyi, a gyara birki, don tirela mai kaya in ta ga gangara tura mota take yi. Ƙugiyar ja kuma a walde ta a jikin shasi, ba a bamba ba.

Nan ne wani tsoron ya taso ya danne na farko. Kowa ya san irin motar da masu bindiga ke so: boksi mai ƙarfi, mai shiga laka ya fita. Ashe Tukur da hannunsa yake shirya musu kyauta. Sai ya kafa sharuɗɗa. Ba fenti. Ba gyaran ƙofa. Tsatsa a bar ta inda take. Har guduma ya ara ya ƙara wa bonet lotsewa, Osman yana dariya har da riƙe ciki.

Ranar gwaji, da aka taka totur, motar ta yi wani siririn fito. Tukur ya juyo wurin Osman.

"Usta, ba a toshe mata baki?"

"A'a, wallahi. In ta ja da ƙarfi sai ta yi. Ka taka a hankali, ba mai ji."

Bai gamsu ba. Ya sa aka ɓoye makunnin mai a ƙarƙashin kujera, aka raba wata waya da sai an haɗa ta kafin mabuɗi ya yi aiki. Sandar giya ma da aka yi mata haɗin gambiza ta zauna a juye, inda kowa ke neman ta ɗaya nan ta baya take. Osman ya ce bari ya daidaita, Tukur ya ce a bar ta haka. Lauratu ce kaɗai ta ga aibun abin. Ta kira shi da sunan 'yarsu, ta ce, "Abu Najwa, in ciwo ya kwantar da kai, wa zai tuƙa mu?" Ya ce Allah ba zai kawo ba. A ransa daɗi yake ji, ya yi motar da ko an sace ba za ta amfani kowa ba.

Ranar ta zo cikin damina, kamar yadda ya yi ta tsoro. Da safe suka ɗora tsohuwa da gadonta a tirela, Lauratu ta zauna kusa da ita riƙe da tamfol. Motar ta keta lakar da a da take kwana a ciki, Tukur yana lallaɓa totur don kada ta yi fito.

A wani kwari suka tarar da babbar mota ta kafe a tsakiyar mashigi, maƙil da mata da tsofaffi, ruwan sama da aka yi can gabas yana gangarowa yana hawa tayoyinta. A gefe, ƙarƙashin wata ƙaya, ga wasu mutane da bindigogi, tasu motar ta mutu, bonet a buɗe. Ba wanda ya tambayi na wane ɓangare ne. Suka dubi boksin Tukur suka yi dariya, suka kau da kai.

Dabararsa ta yi aiki. Abin da ya rage kawai ya zauna shiru. Ya zauna yana kallon ruwa ya shafe taya, ya kama katakon bodi. Wata mata ta ɗaga jaririnta sama da kanta. Tukur ya fito, ya kwance tirela, ya jefa wa direban sarƙa.

Ya taka har ƙasa. Fiton ya cika kwarin, babbar motar ta yi girgiza ta biyo shi tudu. Jama'a suna kabbara, shi kuwa madubi yake kallo. Dariyar ƙarƙashin ƙaya ta tsaya.

Babbansu ya tako a hankali ya miƙa hannu. Tukur ya ba shi mabuɗi tun kafin ya yi magana, har da ɗan sanyi a ransa, in dai mota ce a tafi da ita. Ɗayansu ya shiga ya murɗa, shiru. Ya sake, shiru. Bakin bindiga ya juyo, Tukur ya durƙusa ya nuna makunni, ya nuna waya. Motar ta tashi. Mutumin ya sa giya, ta zabura da baya, saura kaɗan ta murƙushe tirela da tsohuwa. Lauratu ta ƙwalla ƙara.

Babban ya dubi Tukur. Sannan ya ce da Larabci, "Khalas, shi ke nan. Kai za ka tuƙa."

Mutanen babbar motar suka ɗaga gadon tsohuwa suka shigar da shi cikin motarsu, ba mai iya haɗa ido da Tukur. Lauratu ta toshe bakinta da mayafi. Tsohuwa ta lalubo hannunsa ta ce me ya sa aka canja mata mota.

"Aiki na samu, Inna. Ku yi gaba, ina nan tafe."

Ya zare hannunsa ya juya. Ɗan fari ne, tun da ta haife shi bakinta bai taɓa kama sunansa ba, saboda kunya. Yana ɗaure igiyar ƙofa ya ji muryarta ta keto hayaniyar ruwa, a gaban kowa.

"Tukur! Tukur!"

Wanda ke zaune kusa da shi ya zungure shi ya ce a tafi.