Mahaucin Da Ya Daina Liƙi

Duk wanda ya san layin mahauta a kasuwar Batsari ya san Armaya'u, ya kuma san cutarsa: kalangu. Mutum ne gwanin wuƙa, ga farin jinin ciniki, amma da Mani makaɗi ya matse kalangu a hammata ya ambaci sunan kakansa, shi ke nan an gama da shi. Sai ya yi ta liƙi, ya koma gida da suna mai daɗi da aljihu wayam. In an yi masa faɗa ya ce ai don fita kunya aka yi kuɗi.

Kunyar kuwa har gida ta same shi. Shekarar da babban ɗansa Shafi'u ya sami gurbin karatu a Katsina, Armaya'u ya lalube gidan nan kaf, babu abin sayarwa sai tabarmi. Yaron ya haƙura da karatun, ya ari babur ya shiga acaɓa. Abin nan ya ci Armaya'u ƙwarai. Ya dubi ƙanwar yaron, Mubina, lokacin tana firamare, ya rantse ba za a maimaita a kanta ba.

Ya san halinsa, kuɗi ba sa kwana a hannunsa. Don haka duk ranar kasuwar da ciniki ya yi kyau, kafin Mani ya iso, sai ya zaga ya sayi 'yar akuya, ya ɗora a babur a kai wa yayarsa Kande a Wagini. Mahauci da sayen akuya ba don yanka ba! Kande kuwa ba a kawo mata wargi. Ya taɓa zuwa yana 'yar murya, wai biki ya taso, a ba shi akuya guda ya sayar.

"Koma inda ka hito," in ji ta. "Awakin Mubina ne, kai ɗan aike ne kawai."

Mani ya juya kiɗa ya koma zambo, wai hannun Armaya'u ya kamu da sanyi, ba ya miƙewa. Mahauta suka yi ta shewa. Abin yana sukarsa har zuci, amma sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da datsa nama, ya miƙa wa Mani tsoka guda kamar kowa.

Awaki suka yi ta haihuwa, wasu suka mutu, aka mayar. Bana Mubina ta sami makarantar koyon aikin jinya. Armaya'u ya koro garken nan daga Wagini, ya ratsa da shi ta tsakiyar layin mahauta da gangan, hula a karkace. Ya sayar, ya biya komai, bai tsaya ƙofar kowa ba.

Ranar tafiyarta sai ga Mani a tasha, babu kalangu. Ya ja Armaya'u gefe, ya yi ƙasa da murya.

"Ni ma ina da ɗiya a aji ukku," ya ce. "Don Allah tambayar mani Yaya Kande, ko da sauran turke a gidanta?"