Wuƙar Ghali da Kwalin Dogara

Duk Bahaushen da ya taɓa sauka Guangzhou saro kaya, ko bai san fuskar Ghali ba ya ji labarin wuƙarsa. 'Yar ƙarama ce, irin ta yanka kwali, kullum tana aljihun gaba inda mutanen kirki ke maƙala biro. Ghali ɗan Fagge ne. Dakon yadi ya taso yana yi a Kantin Kwari, har wani ubangidansa ya aiko shi China duba kaya. Ubangidan ya karye, shi kuwa ya zauna. Yanzu sito gare shi a wani lungu na Sanyuanli, inda 'yan kasuwa ke tara kayansu ya haɗa musu kwantena guda zuwa Legas.

Sana'ar ce ta cinye masa yarda da mutane. Kwantenar haɗaka ba ta da wasa, wake ɗaya ke ɓata gari: kwastan suka ci karo da haramtaccen abu a kwalin mutum guda, kayan kowa sun kwana a tasha. An taɓa yi masa. Wani mai carbi har gwiwa ya ba shi kwalaye ya ce fitilu ne, ashe ƙwayoyi ne shimfiɗe a ƙasa. Ghali ya sha zagi daga Kano har Maraɗi, sunansa ya kusa mutuwa. Tun daga nan ba kwalin da ke shiga sitonsa bai farke shi ba. Na Alhaji, na Hajiya, har na limamin da yake bi Juma'a. Ya girgiza, ya sansana, ya zura hannu har ƙasa yana kallon ƙwayar idon mai kaya. In an yi masa ƙorafi sai ya ce, "Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi." A bayan idonsa Kwastan ake kiran sa, ya sani, kuma wallahi daɗi yake ji.

Mutum ɗaya ne tak wuƙar ba ta san kayansa ba, shi ne Dogara.

Dogara Kirista ne daga wajen Kafanchan, dogo, marar hayaniya, Hausa a bakinsa kamar ta Bazazzagi. Jakunkunan mata yake sarowa a kasuwar Shiling yana aika wa masu shaguna a Kaduna da Jos. Lokacin korona, da mai gidan da Ghali ke haya ya watso masa kaya waje, Dogara ne ya zo da tasi ya kwashe shi zuwa ɗakinsa. Azumi ya same su tare, kuma har aka sha ruwan ƙarshe Ghali bai taɓa ganin Dogara ya kai ko ruwa baki a gabansa da rana ba. Saboda haka kwalin Dogara in ya zo a liƙe, a liƙe yake wucewa. Ghali ba ya faɗa, amma yana ji da wannan abu fiye da sitonsa. Mutumin da ke zargin duniya duka yana buƙatar wuri ɗaya da zai sauke kaya ya huta, kuma Dogara ne wurin.

Sharif ne ya jefo dutsen. Ɗan kasuwa ne daga Maraɗi, irin mutanen da labari ke yi musu ƙaiƙayi a baki. Suna cin tuwo a gidan abincin wata 'yar Nijar da ke saman bene, ya karkato ya rage murya.

"Elhaji, mutuminka ya sake sana'a ne? Na gane shi kasuwar Shisanhang wajen wani tela, shina gwada hular soji. Da kaki tuli gabanai."

"Dogara? Jaka yake saye."

"To, ni dai abin da ido ya gani. Ka san duwan, kwastan ke nan, ba su wasa da kayan soji. Kuma ka ga abin da ke faruwa can wajensu."

Ghali ya ce masa ya ci tuwonsa. Amma shi kansa ya tsame hannu daga kwanon. A 'yan kwanakin nan an sake taɓa rikici a yankin su Dogara, wayoyi sun cika da hotuna da muryoyin da ba a san mai su ba, kowane ɓangare na rantsuwa ɗaya ɓangaren yana shiri. Kuma ƙanwar Ghali can take aure, da 'ya'yanta ƙanana.

Zato zunubi, ko da ya zama gaskiya. Ghali ya san wannan, ya sha ji a wa'azi. Sai dai zato in ya samu ƙofa ba ya shigowa shi kaɗai. Nan da nan ya tuna Dogara ya rage zuwa hira. Ya tuna in an kira shi a waya yakan tashi ya fita waje, kuma da kunnensa ya taɓa jin ya ce "fasto", ya ce "matasa". Mutumin da ba ya ɓoye masa ko ciwon haƙori, yau shi ne ke kife waya a cinya in ya matso. Abin da ya kamata mai hankali ya yi a bayyane yake: ya kira abokinsa ya tambaye shi. Amma Ghali ya daɗe da yanke cewa baki ƙarya yake yi, kwali ne ba ya ƙarya.

Har Shisanhang ya je da ƙafarsa, ya kutsa cikin masu tura amalanken riguna ya nemo telan da Sharif ya kwatanta. Ya nuna masa hoton Dogara, ya kira shi *lawban*, wato maigida, ya tambayi irin kayan da baƙin mutumin nan ya ɗinka. Telan ya dube shi sama da ƙasa ya kaɗa hannu. "Mei yo, mei yo." Babu, babu. Alhali ga ƙyallayen kaki zube a ƙarƙashin kekensa. Wataƙila mutumin ba ya son a ɓata masa lokaci ne kawai, amma Ghali ya koma gida da tabbacin an haɗa baki.

Ranar da za a loda kwantena Dogara ya zo da hantsi da kwalayensa, a liƙe kamar kullum. Ghali ya tambaya, yana yi kamar sikeli yake dubawa, "Yau me muka samu?"

"Jakunkuna. Wancan babban kuma tufafi ne, saƙon gida." Dogara ya kau da kai da ya faɗa, har da ɗan sosa ƙeya. Ghali ya ga wannan sosa ƙeyar.

Da azahar ya sallami ma'aikata su je cin abinci, ya ja ƙofar sito. Ya daɗe tsaye a kan babban kwalin. Ya ce wa kansa haƙƙin mutane ne a wuyansa, kuma gaskiya ne. Ya ce in babu komai ba wanda zai sani. Sannan ya zaro wuƙa. Mutumin da ya yanka kwalaye ba adadi bai taɓa ƙwarzanar kaya ba, ranar nan hannunsa ya yi nauyi. Ya ji wuƙar ta wuce kwali ta shiga wani abu mai laushi.

Farar riga ce a sama, an shimfiɗa ta don kada ta yamutse. Rigar amarya, doguwa, mai dogon hannu, ɗinkin mutanen da, samanta wani yadi shara-shara kamar gidan sauro. Wuƙar ta tsaga ta daga kafaɗa zuwa ƙirji. A ƙarƙashinta ga kakin: gajerun wanduna masu faɗi kamar siket, huluna masu baki a naɗe gefe guda, da wasu dogayen ƙyallaye na naɗe ƙwauri. Sai fararen riguna na ma'aikatan asibiti. Ba ɗan ta'addar da zai sa wandon nan ya fita, 'yan unguwarsu ma sun ishe shi da dariya. Ghali bai gane mene ne ba, amma ya gane ba abin da ya zata ba ne, kuma ya gane ya yi ɓarna.

Nan shaiɗan ya raɗa masa hanya mai sauƙi. Kwastan na Legas ai yanka kwali suke yi yadda suka ga dama, wa zai ce ba su ba ne? Ya mayar da rigar, ya liƙe da salatif, ya sa kwalin a koren buhu ya ɗinke, ya tura shi can ƙuryar kwantena.

Da la'asar sai ga Dogara ya dawo, ya ce su je ya saya masa shayi, akwai magana. Suka zauna, Dogara yana ta juya kofi.

"Alhaji, in na gaya maka kar ka yi mini dariya. Kuma don Allah kar Sharif ya ji."

"Ina jin ka."

"Labari na rubuta. Na soyayya." Ya rufe fuska da tafin hannu yana dariyar kunya. "Da furfurata. A jirgin ƙasa nake yi, a waya, in zan tafi Shiling. Matasan cocinmu ne suka ce za su mai da shi fim. Kayan da na ba ka ɗazu nasu ne."

Labarin kakanninsa ne, in ji shi, ya ƙara masa gishiri. Ayuba, saurayin da Turawa suka ɗauka soja aka kai shi yaƙin Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Rifkatu, mai wanke bandeji a asibitin mishan. Sun yi alkawari a gaban Littafi Mai Tsarki kafin ya hau jirgi. Aka kawo labarin rundunarsu ta ƙare a daji, har aka yi masa addu'ar mamaci a coci, ita kuwa ta ƙi zama a wurin. Duk Lahadi in an tashi sujada sai ta taka zuwa tashar jirgin ƙasa ta tsaya tana duba masu sauka. Ayuba ya dawo daga ƙarshe, kunne ɗaya a mace, ba ya magana, in an buga ƙofa da ƙarfi sai ya shige ƙarƙashin gado. Mutane suka ce wannan ba Ayuban da ta sani ba ne. Ta ce ita ba ta yi alkawari da rabin mutum ba balle ta zaɓi rabin da take so. Ba yadi a lokacin, da zanen gadon asibiti da gidan sauro ta ɗinka rigar aurenta.

"Na sha wuya kafin telan nan ya gane irin rigar," in ji Dogara, idonsa ya kawo ruwa. "Saratu 'yata ce za ta sa, ita ce Rifkatu. Na so in gaya maka tuntuni, kunya ta hana. Amma na ce bai dace in sa maka kaki a kwantena ban faɗa ba, kai da ba ka taɓa buɗe mini kaya ba."

Ga ƙofa a buɗe, kwantena ma ba ta bar Sanyuanli ba. Da Ghali ya ce, "Dogara, na yi maka laifi," da an sauke kwali an koma wurin tela, a yi fushi a huce. Amma in ya faɗi ya yanka, dole a tambaye shi me ya zata zai gani, kuma wannan amsar ce ba zai iya furtawa a gaban mutumin da ya ɓoye cin abincinsa wata guda saboda shi ba. Kunya ta kama shi kamar ya nutse. Abin da ya iya fitowa daga bakinsa shi ne, "Allah ya sa a yi lafiya."

Bayan Kirsimeti Dogara ya dawo daga gida da kilishi da fim a waya. A sito suka kalla, zaune a kan kwalaye. Fim ne na masu ƙaramin ƙarfi, bindigogin katako, dajin Bama kuwa gonar rake ce. Duk da haka da yarinyar ta tsaya a tasha jirgi ya wuce ba kowa, Ghali ya daina taunar kilishin da ke bakinsa. Sai aka zo ɗaurin aure. Amarya ta shigo coci, kyamara ta matso, ga tabon ɗinki nan ɓaro-ɓaro daga kafaɗa zuwa ƙirji.

Dogara ya tsayar da fim ɗin daidai nan.

"Ka gani? A yanke ta isa. Saratu ta yi kuka har ta gode Allah. Matan zumunta ne suka zauna suka ɗinke da hannu." Ya nuna tabon da yatsa. "An ce kwastan ne. Abin mamaki, Alhaji, buhun waje ko ƙwarzane babu. Kuma yanka ɗaya ne, miƙaƙƙe, hannun gwani."

Ya faɗa a hankali, ba fushi, ba murmushi, yana kallon waya. Labarin zuciya a tambayi fuska, aka ce. Ghali ya tambayi fuskar nan da duk gwanintarsa ta karanta mutane, ba ta ba shi komai ba.

"Na bar shi da Allah, ko wane ne," in ji Dogara, ya danna fim ya ci gaba.

Har yau suna tare. Suna cin tuwo a saman bene, suna yi wa Sharif tsiya, ranar salla Dogara na zuwa cin nama. Kayansa kuma a liƙe suke zuwa, ya ajiye ya ce jakunkuna ne ya juya. Ghali kan bi bayansa da kallo har ya sha kwana, yana auna tafiyarsa, yana juya gaisuwar da ya yi masa da safe, ko ta fi ta jiya sanyi. Wani lokaci Ghali ya ce a ransa Dogara bai sani ba, wani lokaci ya ce ya sani ya yafe, wani lokaci ya ce jira yake ya ji daga bakinsa. Tambaya ɗaya za ta raba gardama, kuma ita ce ba zai taɓa iya yi ba.