Rakiyar Ɗan Shaho Mai Lalle Zuwa Tsibiri

Da sunan Allah nake farawa. Wannan labari naku ne, ku 'ya'yan yayana da ke Kano, daga baffanku tela mazaunin Makka, wanda da yawanku ba ku taɓa gani ba.

Fita daga Misfala

Tun kafin ladanin Harami ya yi kiran farko na fito daga gidanmu na unguwar Misfala, riƙe da kwandon kaba da aka lulluɓe da tsohon mayafi. Ƙarshen lokacin zafi ne, 'yan shekaru bayan yaƙin Turawa ya ƙare. Taurari sun sauko ƙasa ƙasa a kan duwatsun Makka, kamar in ka miƙa hannu za ka tsinko ɗaya. A cikin kwandon akwai ɗan shaho.

Ga yadda ya zo hannunmu. Matata Habiba, haihuwar Makka ce, tana da ƙane mai suna Sa'idu, direban babbar mota da ke ɗauko busasshen kifi daga bakin teku. Masunta ne suka tsinci ɗan tsuntsun a gindin dutse a wani tsibiri, suka ba shi, shi kuma ya kawo wa yayarsa. A lokacin ba mu daɗe da binne ɗanmu na fari ba, Habiba ta daina magana sai dole. Ta karɓi tsuntsun, fari fat kamar dunƙulen auduga, ta riƙa yanka masa hanta ƙanana ƙanana. Da shi dariyarta ta dawo gidan.

To, sai ya fara ƙin abinci, idonsa ya faɗa. Limamin unguwarmu kuma ya ce ba a tsare tsuntsun daji a ƙasar Harami, a mayar da shi inda aka ɗauko shi. Sa'idu ya ƙara da cewa iyayen sun kusa barin tsibirin, in sanyi ya fara shigowa ba za a same su ba.

A bakin ƙofa Habiba ta riƙe kwandon, ta ce, "Malam, sai ka ga uwarsa ta sa masa abinci a baki, da idonka. In ba ta karɓe shi ba ka dawo mini da shi. Ko mutuwa ce, ya mutu a hannuna."

Na yi mata alkawari. Muka yi sallar asuba a gefen mota, Sa'idu ya ce, "Yalla, mu tafi, mijin Yaya, hau. Ka riƙe mana yariman naka da kyau."

Iyakar Harami

Muka kama hanyar kudu, wadda ake kira hanyar Yaman. Gari ya fara haske sa'ad da muka iso fararen ginshiƙan da ke nuna ƙarshen ƙasar Harami. Akwai rumfar askarawa masu tsaron hanya a wurin. Wani dogo mai gashin baki ya leƙo, ya nuna kwandon da sandarsa, ya tambaya da Larabci me ke ciki.

Sa'idu ya ce, "Baƙo ne, za mu raka shi gida."

Na yaye mayafin. Sai askarin ya fashe da dariya har yana dafa mota, ya kira ɗan'uwansa, yana cewa, "Arusa! Arusa!" wato amarya. Na duba. Ƙirjin ɗan shahon da ƙafafunsa sun yi ja jawur. Ashe da yamma, ana gobe za mu tafi, ina masallaci, Habiba ta ƙunsa masa lalle, kamar yadda matanmu ke yi wa yaron da aka yi renonsa in za a mayar da shi ga danginsa, don su ga ba a wulaƙanta shi ba.

Sa'idu ya riƙe baki. "Wallahi Yaya ta gama da mu. Wace uwa za ta gane ɗanta a haka?"

Askarin ya ɗaga mana hannu yana share hawayen dariya. Ni kam ban yi dariya ba.

Rijiyar Baida

Daga nan hanya ta zama rairayi. Sau biyu mota ta kafe, muka sauka muna tona ƙarƙashin taya, muna shimfiɗa faifan ƙarfe. Kafin azahar muka isa rijiyar Baida, inda akwai gahawa, wato rumfar shan shayi mai gadajen igiya. Muka ci gurasar tamis mai zafi da dafaffen wake da man zaitun, muka sha shayi a ƙananan kofuna. Mai gahawar ya ce kuɗin ruwan da za mu zuba wa mota ya fi na abincinmu, kuma haka aka yi.

Ɗan shahon ya lafe a kwando, baki buɗe saboda zafi. Na ɗiga masa ruwa. Na miƙa masa hanta, ya kau da kai. Ina zaune cikin damuwa sai fara ta dira a kan gwiwata. A Makka ko fara ba ma taɓawa, domin duk abin daji da ke cikin Harami amintacce ne, har hannuna ya saba da kaucewa. Sai na tuna mun bar iyaka tun da safe. Na cafke ta. Da na kai ta kusa da bakinsa tana motsi, sai ya ɗaga kai, ya fizge ta. Ku zo ku ga baffanku da Sa'idu, manya da gemu, muna bin fara a guje cikin rana, masu raƙuma na yi mana dariya! Ya ci kaɗan. Ba ta ƙosar da shi ba, amma ta kai mu teku.

Shu'aiba

Da la'asar sakaliya muka ga ruwa. Na ƙetare wannan teku sa'ad da na zo daga Sudan, amma a ƙasan jirgi, cikin cunkoso da amai. Ran nan na fara ganinsa sosai. Shuɗi ne a nesa, kore a kusa, rana ta shimfiɗa masa hanya ta zinariya. A cikin 'yan littattafan labaran masoya da nake saye a kasuwa, kullum akwai ɗan sarkin da aka raba da ƙasarsa, yana tsaye a bakin ruwa yana kallon gida. Na buɗe kwandon don ɗan shahon ma ya gani. Iskar teku na taɓa shi ya miƙe tsaye, ya yi wani siririn kuka da ban taɓa jin ya yi ba.

Muka sauka a Shu'aiba, ƙauyen masunta, wajen Baba Abakar, tsohon masunci mutumin Damagaram, wanda ya zo ta Wadai da Sudan tun yana saurayi, bai koma ba. Jama'arsa ne suka tsinci tsuntsun. Ya karɓi kwandon, ya daɗe yana kallo.

"Wane ne ya yi masa wannan aiki?"

Sa'idu ya nuna ni da haɓa. "Gidansa ne, Baba."

"Ai yayarka ce," na ce.

"Da ka aure ta ta zama taka, ya shehi," in ji Sa'idu.

Baba Abakar ya tsoma tsumma a ruwan teku ya goga ƙirjin a hankali. Lalle ya kama, ko gezau. Ya ce, "Ɗana, ba zan yi maka ƙarya ba. Na sha mayar da wanda ya faɗo, iyayen su karɓa. Mai jan ƙirji kuwa ban taɓa ba. Abin da suka sani da ja shi ne naman da aka fige. In ta ɗauke shi nama, ka san sauran."

Muka ci shinkafa da kifi, muka kwana a bukkarsa ta ganyen dabino. Kafin mu kwanta ya ba mu labarin tsuntsun, ga shi kuwa, ku riƙe.

Wannan shaho ba irin wanda ke ɗaukar muku 'yan tsaki ba ne. Bai fi tantabara girma da yawa ba, kuma launinsa toka ne tun daga kai har wutsiya. Ƙafafunsa rawaya ne, da zobe rawaya kewaye da idonsa. Fikafikansa dogaye ne sirara, in ya zauna sukan kai ƙarshen wutsiyarsa. Macen ta fi namijin girma. Ba ya yin sheƙa, ko tsinke ɗaya ba ya ɗauka. Yakan sami rami ko inuwar dutse ne, macen ta yi ƙwai biyu ko uku a kan tsakuwa. Yawancin tsuntsaye kan yi 'ya'ya lokacin ni'ima, shi kuwa sai zafi ya kai matuƙa, domin a ƙarshen zafin ne ƙananan tsuntsaye ke ratsa teku daga arewa zuwa kudu, su ne abincin 'ya'yansa. Ba shi da yawa. Mutum kan tsufa a Hijaz bai ga ko ɗaya ba.

Na ce, "Baba, in sun tashi ina suke zuwa?"

Ya nuna kudu. "Can. Matuƙan manyan jiragen ruwa sun ce suna ganinsu a wani babban tsibiri mai nisan gaske. Ni dai na san suna tafiya, suna dawowa, ba mai nuna musu hanya."

Tsibiri

Da hantsi muka shiga kwalekwalensa mai ƙaramin filafili. Ruwan garai yake, kana ganin duwatsun murjani a ƙasa kamar lambu, da kifaye masu launin da ko a shagon masu alharini ban gani ba. Tsibirin ba shi da suna, ba itace, ba ruwan sha. Farin dutse ne kawai da teku ya ƙwaƙule gindinsa.

Tun kafin mu sauka iyayen tsuntsun suka taso mana. Biyu ne. Yara, na karanta siffofin dawakai da takubba da kyawawan mata, ban taɓa karanta abin da ya kama ƙafar wannan ba. Suka yanko iska ta saman kanmu kamar an harbo kibiya, har na ji hucin fiffike a kunnena, suna kuka mai kaifi. Sa'idu, mai bakin nan, ya dafe rawaninsa ya tsuguna yana salati.

Baba Abakar ya hau dutsen ba takalmi, ni ina biye da kwando. A ƙarƙashin wani leɓen dutse muka tarar da 'yan'uwan ɗan shahon biyu, sun fi shi girma, har gashin toka ya fara fito musu. Kewaye da su duk gashin ƙananan tsuntsaye ne. Na ɗauko shi da hannu biyu, zuciyarsa na bugawa a tafina. Na ajiye shi a gefensu. Suka ja da baya suna kallon jan ƙirjinsa.

Muka koma can nesa, muka ɓuya a inuwar wani dutse inda muke iya hangen ramin. Baba ya ce iyayen ba sa farauta sosai da tsakar rana, sai sassafe da yamma. Muka zauna. Zafi ya sauko kamar ana zuba shi. Uwar ta sauka a kan dutsen da ke saman ramin, ta karkata kai tana leƙen ciki, ba ta shiga ba. Muka yi azahar, muka yi la'asar, tana nan.

Sa'idu ya matso ya yi ƙasa da murya. "Mijin Yaya, in abin ya ƙi, mu ce wa Yaya uwar ta karɓe shi. Halas, shi ke nan. Wa zai faɗa mata?"

Na ce, "Da idona ta ce."

Ya koma mazauninsa.

Rana ta yi ja, sai namijin ya tashi. Ya yi sama har ya zama ɗigo. Can a kan teku wani ɗan tsuntsu yana tahowa a gajiye, ƙasa ƙasa da ruwa. Ɗigon nan ya naɗe fikafikai ya faɗo. Ban ga lokacin da ya kama ba, na dai ga gashi yana watsewa cikin hasken yamma. Ya juyo yana kira. Uwar ta tashi ta tarye shi, ta juya rigingine a sararin sama, ta karɓi naman daga ƙafarsa da ƙafarta, ba wanda ya tsaya. Na ji bakina yana cewa Subhanallahi ba tare da na sa shi ba.

Ta sauka a bakin ramin ta fige naman. Manyan biyu suka taso, ta ba wannan, ta ba wancan. Namu yana baya a takure. Ta tsaya. Ta miƙa wuya ta kai baki kan jan ƙirjinsa, ta ja gashin. Na yunƙura zan tashi, Baba Abakar ya danne kafaɗata da hannu mai ƙarfi kamar itace.

Sai ɗan shahon ya buɗe baki ya yi kukan nan siriri, irin wanda ya yi a bakin teku, ya sake, ya sake, yana karkaɗa 'yan fikafikansa. Uwar ta saki gashin. Ta karkata kai. Ta yagi nama ta sa masa a baki. Ta ƙara. Ta ƙara, har ya ture yayyensa ya shiga gaba.

Na waiwaya na ga Sa'idu yana goge fuska da bakin rawani. Ya ce gishirin teku ne.

Komawa

Muka sake kwana a Shu'aiba. Da safe aka loda kifi, muka yi sallama da Baba Abakar, ya ƙi karɓar komai sai alkawarin in ɗinka masa riga. Muka biyo hanyarmu, mota ta yi nauyi, ta kafe fiye da zuwa. Bayan la'asar muka shiga Misfala.

Habiba na tsaye a soro. Ta dubi kwandon, ta ga mayafin a naɗe a ciki. Ta dube ni.

"Ka gani?"

"Na gani."

"Da idonka, Malam?"

"Da idona. Har ture yayyensa ya yi."

Ta zauna a dakali ta rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunta na rawa, ban sani ba kuka ne ko dariya. Da ta ɗago sai ta ce wa ƙanenta, "Kai kuma kana warin kifi, jeka ka yi wanka kafin ka shigo mini gida." Ta tashi ta hura wuta.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, wanda ke ciyar da tsuntsu a kan dutsen da ba ruwa ba ciyawa. Na gode wa Baba Abakar, da Sa'idu, da mai gahawar Baida. Ku gaishe mini da iyayenku, ku sa mu cikin addu'a, mu ma muna sa ku a gaban Ɗakin Allah.